Yadda muka tsara addini da tsafi a duniyar wasanmu na kan tebur

Mai buɗe zance, daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ina jan ragamar wasan Dungeons & Dragons a zauren gidanmu, mu biyar, duk daren Asabar bayan isha'i. Kowa da jaruminsa, ni nake ba da labarin duniyar, sai a jefa ƙwaya mai fuska 20 a ga ko abin da jarumi ya yi niyya ya yiwu. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka a 1974, ajin jarumai uku ne a ciki: mayaƙi, mai sihiri, da kilarik, wato ma'abocin bauta mai warkar da rauni. Wannan na ukun ne ya tsayar da mu. Ƙanena ya ɗauke shi, ana tsakiyar faɗa na ce masa "to roƙi abin bautarka ya warkar da abokinka." Sai ya ajiye fensir ya ce bakinsa ba zai furta haka ba, ko da wasa. Zaure ya yi tsit, ni ma na ga gaskiyarsa. Yanzu ina son gina duniya tamu daga tushe. Waɗanda suka taɓa yi, yaya kuka bi da addini da tsafi?

Wata ɗaliba, daga Zariya:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni da farko share addinin na yi gaba ɗaya, na ce mun huta. Zama biyu kawai muka yi duniyar ta fito fayau kamar miyar da ba gishiri. Jarumar ƙawata ta mutu a wani kogo, sai ta dube ni ta ce, "To wa zai yi mata wanka? Ina ake binne mutanen garin nan?" Ba ni da amsa.

Daga nan na koma na faro ta ƙasa. Na bar tambayar su wane ne alloli, na kama tambayar me mutane suke yi. Mutanen duniyata sun yarda da Mahalicci ɗaya, ba ya bayyana, ba ya magana da kowa a wasan, kuma ba shi da lamba ko ɗaya a takardata. Wannan na ƙarshe da gangan ne. A 1980 kamfanin TSR, mai buga wasan a lokacin, ya buga littafin da ya ba allolin Girka da na Masar da na Hindu adadin rai da ƙarfin duka, kamar kowane dodo, abin da kuwa aka sa wa lamba 'yan wasa za su nemi kashe shi. Abin da na rubuta shafi biyu ne: yadda ake raɗin suna, abin da ba a ci ranar kasuwa, rantsuwar da fatake suke yi a bakin rijiya, da saɓanin da ke tsakanin masu binne gawa a tudu da masu binnewa a gindin kuka. Wannan saɓanin kaɗai ya ba mu labarin wata biyu.

Wani malamin makaranta, daga Damagaram:
Ɗan'uwa, ni ta fuskar tsafi zan ba ka tawa. Tsarin tsohon littafin wasan shi ne mai sihiri ya haddace dabarunsa da safe, in ya jefa ɗaya ta goge daga kansa sai ya kwana. Daga labaran marubuci Jack Vance suka aro shi. Yana aiki, amma bai yi wa yarana daɗi ba, don sun ɗauke shi kamar harsashi a bindiga.

Sai na tuna labaran da muka taso muna ji a bakin mafarauta da 'yan tauri. Layar zana, baduhu, kau-da-bara, sagau, maganin ƙarfe. Duk wanda ya ba ka labarin ɗaya daga cikinsu sai ya haɗa da sharaɗinsa, da ranar da wane ya karya sharaɗi ƙarfe ya kama shi. Shi na mayar doka: babu asiri ba sharaɗi, kuma ɗan wasa ne zai rubuta nasa da hannunsa a bayan takarda.

Akwai yaron da jaruminsa ke da kau-da-bara, sharaɗin kuwa ba ya cin abincin da aka dafa a gidan sarauta. Zama shida kibiya ba ta taɓa shi ba, har ya fara shiga gaba ƙirji a buɗe. Rannan suka ceto ɗiyar sarki, aka ajiye akushi a gabansa a fada, sarki da kansa ya ce bisimilla. Yaron nan ya yi minti biyar yana juya fensir. In ya ƙi, ya ci mutuncin sarki a gaban fadawa. In ya ci, gobe akwai yaƙi. Ya ci. Ban jefa ƙwaya ko sau ɗaya a wannan daren ba, kuma har yau shi ne zaman da suke tunawa.

Daga Katsina:
Mu matsalarmu ƙwayar ce kanta, saboda hadisin da ya zo kan wasan nardi. Biyu daga cikinmu ba su natsu da ita ba. Muka yanka kwali guda 20, muka rubuta lambobi, muna zarowa daga cikin hula. Lissafin bai canza ba matuƙar ana mayar da kwalin bayan kowace zara.

Wani ɗan kasuwa, daga Maraɗi:
Bari in faɗi kuskuren da na yi don kada wani ya maimaita. Na ɗauko bori sukutum na saka: birnin Jangare, Ɗan Galadima, Inna, Sarkin Rafi, kowa da launin tufafinsa. A tunanina na samu kaya a sauƙaƙe. Da na fara kwaikwayon muryar Inna, ɗaya daga cikinmu ya miƙe ya sa takalmi. A waje ya gaya mini kakarsa 'yar bori ce, ya ga girka da idonsa yana yaro, kuma abin ba wasa ba ne a gidansu. Wani kuma ya ce shi tsoro ya ji, don bai ga dalilin kiran sunayen nan da dare ba. Mutum biyu, dalili daban, duka kuma sun fi ni gaskiya.

Abin da mutane suke raye da shi, ko suna yi ko suna gudunsa, na daina kawo shi tebur da sunansa. Su ma masu Al-Qadim, duniyar da TSR ta fitar a 1992 kan salon labaran Larabawa, ba su saka Musulunci a ciki ba, nasu addinin suka ƙirƙira. Yanzu iskokina ni na raɗa musu suna, ɗabi'ar kawai na riƙe: ba a umartar su, sai dai a yi ciniki, kuma ba sa manta bashi.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Kaduna:
Teburinmu Musulmi uku ne, Kirista biyu, don haka kafin a fara kowa ya faɗi abin da ba zai furta ba, na rubuta. Tsarin kuwa daga tarihin Kano na aro. An ce wurin Tsumburbura itace ne da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru a shekara. Siffar na ɗauka, na canza sunaye. A duniyata mutum ɗaya ne yake shiga bayan katanga, 'yan wasa ba su taɓa ganin abin da ke ciki ba. Ko gaskiya yake faɗa, ko shi da fada suke shirya maganar, ban gaya musu ba. Ba wanda aka sa ya roƙi kowa, amma duk siyasar garin a kan katangar nan take.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka da alheri. Na zauna da ƙanena jiya, mun mayar da jaruminsa maɗori, mai gyaran karaya da sanin saiwoyi, abin da ya gada a gidansu. Shi ya zaɓi sharaɗinsa: ba ya karɓar ko sisi a kan magani, ranar da ya karɓa hannunsa ya mutu. Malam na Damagaram, in an karya sharaɗi a wurinku, asirin ya tafi ke nan har abada, ko akwai hanyar dawo da shi? Ina son in san wannan kafin Asabar.