Muhawara: Shin matuƙin jirgin yaƙi ya fi tsira idan ya tashi da yunwa?

Malamin makaranta: Assalamu alaikum. Wani ɗalibina ya ce matuƙan jiragen yaƙi ba sa sa komai a bakinsu kafin su tashi, domin idan jirgi ya yi kwana yana tsala gudu nauyin jiki yakan ninku, cikakken tumbi kuma zai iya yagewa. Ni dai na karkata ga maganarsa, saboda jirgi irin F-16 yana iya ninka nauyin mutum sau 9, abin da ake kira 9 G, ke nan abincin da bai wuce rabin kilo ba zai koma kilo huɗu da rabi a cikin ciki.

Likita: Wa'alaikumus salam, Malam. Lissafinka daidai ne, amma tumbi ba jaka ba ce da aka rataye ita kaɗai a ƙusa. Hanta da hanji da sauran kayan ciki suna kewaye da shi, nauyinsu yana ninkuwa tare da nasa, suna tokare juna. Abin da yake kayar da matuƙi shi ne jini. Tsakanin zuciya da ido akwai tazarar kimanin santimita 30, kuma duk sanda nauyi ya ƙaru jini yakan gangara ya taru a ƙafafu da jijiyoyin ciki, har zuciya ta kasa tura shi sama. Mutumin da ba shi da kariya, wajen 4 zuwa 5 G ganinsa zai dushe, sai duhu ya rufe shi, sannan ya suma. Yunwa da ƙishirwa suna gaggauta wannan, domin sukarin jini yana sauka, ruwan jiki kuma yana raguwa. An ma lura cewa tumbin da ke da abu a ciki yana ɗan tallafe tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ya hana zuciya zamewa ƙasa.

Tsohon makanikin jirgi: Likita, na yarda da batun jini, domin na sha riƙe wandon kariyar da matuƙa ke sawa don hana jini gangarawa da hannuna. Jakunkunan iska biyar ne a jikinsa, biyu a sharaɓa, biyu a cinyoyi, babba guda a kan mara, da tiyo da ake jonawa a gefen kujera. Da zarar jirgi ya fara kwana sai su kumbura su matse mutum. Na taɓa ganin matuƙi ya sauko da ƙananan jajayen ɗigo a hannuwansa kamar ƙyanda, saboda ƙananan jijiyoyi sun fashe a ƙarƙashin fata. Amma fa waɗanda na yi aiki da su suna gudun wake da lemon kwalba mai gas ranar tashi, don haka kada a yi saurin ƙaryata ɗalibin nan.

Likita: Baba, wannan wata matsala ce dabam da ake cakuɗa ta da ta nauyi. Idan aka yi sama, matsin iska yana raguwa, a tsayin kimanin mita 5,500 yakan koma rabi, iskar da ke cikin hanji kuwa sai ta kumbura. Ka haɗa wannan da jakar wandon ta kan mara da ke danna ciki da ƙarfi, dole a samu murɗa da ƙwarnafi, wani lokaci har da amai a cikin abin shaƙar iska. Shi ya sa shawarar da ake ba su ita ce su ci abinci matsakaici su sha ruwa sosai. Wandon ma, wanda asalinsa ya koma ga Wilbur Franks na Jami'ar Toronto da ya gwada mai ruwa a ciki a 1941, kariyarsa ba ta wuce ƙarin 1 G da ɗoriya ba. Mafi yawan kariyar tana zuwa ne daga yunƙurin da matuƙi yake yi, wanda masu binciken asibitin Mayo Clinic na Amurka suka inganta lokacin yaƙin duniya na biyu: ya ɗaure tsokar ƙafafu da ta ciki tamau, ya riƙe numfashi yana nishi, ya sauya shi da sauri duk bayan daƙiƙa uku. Wanda yunwa ta galabaita ba zai jure wannan ba.

Malamar jinya: Likita, duk maganar tashi guda kuke yi. Ni damuwata ita ce, a lokacin da nauyi ya ninku, jiki yakan tsuke jijiyoyin da ke kai jini tumbi da hanji domin ya ceci ƙwaƙwalwa. Mutumin da ya shekara goma sha biyar ana yi masa haka, ta yaya za a ce fatar cikin tumbinsa ba ta jin jiki?

Likita: Tsukewar gaskiya ce, Hajiya, sai dai nauyi mai tsanani daƙiƙoƙi yake ɗauka, jini kuma ya dawo. Galibin gyambon ciki ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce ke kawo shi, wadda gano ta ya sa Barry Marshall da Robin Warren suka samu kyautar Nobel a 2005, sai kuma magungunan kashe zafi irin su ibuprofen. Matuƙan nan kuwa suna yawan fama da ciwon wuya da baya, don haka ni kwalbar maganin zan fara tuhuma kafin jirgin.

Malamar jinya: To ai ka ga jirgin ne ya kai su ga maganin, ban janye ba tukuna.

Malamin makaranta: Na janye batun yagewar tumbi da na tashi da yunwa. Amma Likita, da bakinka ka ce kumburin ciki yana iya kawo amai idan jakar ta danna, don haka gobe zan ba ɗalibina rabin maki, in tura shi ya binciko dalilin da ya sa 'yan sama jannati suke kwanciya rigingine lokacin harba kumbo.