Neman kalma: yaya za mu kira "listening comprehension" da Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamai. Gobe da yamma za a watsa rahoton da nake fassarawa kan yadda ɗaliban ƙasar Sin ke shirya wa jarrabawar Turanci, amma kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya, wato listening comprehension da reading comprehension, sassan jarrabawa da ke gwada ko ɗalibi ya gane abin da ya saurara da abin da ya karanta. A Gaokao, jarrabawar shiga jami'a da ake farawa ranar 7 ga Yuni, wadda ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajistarta a 2024, takardar Turanci tana da maki 150, kuma a takardar bai-ɗaya ta ƙasa 30 daga ciki na sauraro ne. A CET-4 kuwa, jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a, sauraro yana da kashi 35 cikin 100, karatu ma haka. Kalmomin sun cika rahoton, babu yadda zan kauce musu.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Ai muna da "auna fahimta", wadda duk wanda ya zauna jarrabawar Hausa a sakandare ya sani. Ka ce "auna fahimta ta sauraro" da "auna fahimta ta karatu".

Mai fassara: Na gode, Malama. Sai dai sun yi tsawo a bakin mai karanta labarai, kuma "karatu" tana da harshen damo, domin mai sauraro zai ɗauka ana nufin auna karatun makaranta baki ɗaya, har da lissafi.

Tsohon ɗalibi a Sin: Su kansu Sinawa ba sa jan maganar. Cikakken sunan shi ne tingli lijie, amma ɗalibai tingli kawai suke cewa, ting ita ce ji, li kuma ƙarfi, wato ƙarfin ji. Na sha ganinsu gab da CET, kowa da abin kunne mai rediyo yana murɗa shi ya kamo tashar jami'a, domin ta nan ake sako muryoyin. A Gaokao kuma ana hana direbobi danna oda a kusa da makarantu, kuma ana rufe ƙofar shiga minti 15 kafin a fara takardar Turanci. Ni a ganina a ce "jin Turanci".

Malamar Hausa: A nan kam ban yarda ba. Idan Bahaushe ya ce wane yana jin Turanci, yana nufin ya iya harshen, har da magana da shi. Alhali abin da Sinawa suka daɗe suna kuka da shi shi ne abin da suke kira "Turancin bebe", wato ɗalibi ya ci maki a takarda amma ya kasa buɗe baki. Idan muka ce "jin Turanci" mun haɗe abin da jarrabawar ta raba.

Dattijo mai kishin harshe: Ina ta karanta ku ina mamaki. "Fahimta" Larabci ce, "karatu" ma Larabci ce, kuma kun bar "ganewa" tana zaune a gida. Na daɗe ina ba da shawarar "ji-ka-gane" da "duba-ka-gane", a kan tsarin "faɗi-ka-mutu", amma da yake ba daga jami'a suka fito ba, ba wanda ya waiwaye su.

Malamar Hausa: Ranka ya daɗe, "jarrabawa" da kowa ke faɗi ita ma daga Larabci take, kuma kalmar "harshe" kawai za ta rage mana idan muka bi wannan hanya. Kalmar da kakanninmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna furtawa ta zama tamu. Sannan "duba-ka-gane" ta fi kama da sunan wasan yara.

Dattijo mai kishin harshe: Malama, wasan yaran ne ya raya harshen kafin a buɗe sashen Hausa a kowace jami'a. Sinawa ba su ari kalmar Turawa ba, daga cikin harshensu suka ƙera tasu, mu ne kullum muke jin kunyar namu.

Tsohon ɗalibi a Sin: Allah ya huci zuciyar Baba. "Ji-ka-gane" tana da daɗin faɗi, amma a rahoto sai an tsaya an yi mata bayani, kuma ɗan'uwanmu mintuna kaɗan gare shi.

Mai fassara: Allah ya saka wa kowa. Ga abin da zan miƙa wa edita: "fahimtar sauraro" da "fahimtar rubutu", tunda rubutu ne ake ba ɗalibi ya karanta ya amsa tambayoyi a kansa. A farkon rahoton zan ambaci "auna fahimta" sau ɗaya, saboda waɗanda suka santa daga aji.

Malamar Hausa: "Fahimtar rubutu" ba ta kwanta mini ba sosai, domin takardar tana da sashen rubutu na daban kuma za a iya rikita su, amma na gobe dai ta wuce.

Dattijo mai kishin harshe: Ku watsa abinku. Ni dai a ajina na yamma "ji-ka-gane" zan ci gaba da rubutawa a allo.