Musayar waƙa: ta'aziyyar Baba Mai Bishara na Zuru

Ɗan Rikoto:
Jama'a, kun dai ji. Baba Mai Bishara ya yi barci cikin Ubangiji, mun kai shi makwancinsa. Duk wanda ya taɓa zama a gabansa ya ajiye baiti. Ga nawa.

Baba ya tafi, ba tafiyar dawowa,
Kekensa na jingine, babu mai hawa,
Shi ya kai shi Ribah, sama na zubar ruwa,
Ya kai shi Wasagu, laka har gwiwa,
Albashin bishara bai kai cefanen kasuwa,
Ban taɓa jin ya ce an bar shi ba kulawa.

Uwar Zumunta, Dabai:
Ɗana, ka ambaci keke ka bar karatu,
Mu matan Zumunta shi ya koya wa rubutu,
An dawo gona, kowa na neman hutu,
Shi ya kunna aci-balbal, har Zabura ta karantu.

Littafi Mai Tsarki na tsohon juyi, na 1932, shi ne nasa. Da sabon juyi ya fito, ya sa aka kawo mana, amma nasa sai dai ya sake ɗinke bangon da zaren buhu. Tun jiya na kasa cin abinci.

Ɗan ƙungiyar mawaƙa:
Iyayena, don Allah a rage kuka,
Bulus ya gargaɗi 'yan'uwa na Tasalonika,
Kada baƙin cikin marar bege ya kama ka,
Zabura ta ce saba'in, da ƙarfi tamanin ne naka,
Baba ya haura, me ya rage sai barka?

Uwar Zumunta, Dabai:
Yaro, ka yi karatu, ka tsallake Li'azaru,
A Betanya Yesu ya san abin da zai faru,
Duk da haka ya yi kuka gaban waɗanda suka taru,
To bar ni in yi nawa, ni tsohuwar Zuru,
Begena na nan, hawaye ne suka ƙaru.

Ɗan Rikoto:
Mama ta gama da kai, sai ka nemi wuri ka zauna.

Maƙwabci, mai shagon ɗinki:
A yi mini izini, ni Musulmi ne, amma ba zan yi shiru ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da namu,
Da Sallah ya ci namanmu, Kirsimeti shinkafarsa ta iske mu,
Da masu gudun hijira na Danko-Wasagu suka cika layinmu,
Bai tambayi addinin kowa ba, ya ce ku shigo gidanmu,
Ya buɗe rumbun dawa, ya ce yunwa ba ta san sunanmu,
Allah ya ba ku haƙuri, wannan rashi har da mu.

Tsohon ɗan ajin baftisma, daga Birnin Kebbi:
Mun gode, Alhaji. Amma ina ganin yabon ya fara yin santsi, bari in sa masa gishiri. Baba da kansa ba zai yarda a shafe wannan ba.

Kar ku mai da shi mala'ika, Baba na da bulala,
Ka makara ajin baftisma, ranar ka sha wahala,
Wa'azi ya yi da Hausa, faɗa kuwa da C'lela,
Samari suka ce golmo, noman neman aure, tsohon yayi ne, ba sa kula,
Ya ce Yakubu shekara bakwai ya yi don Rahila,
Ku ɗau fartanya, gonar surukai ba ta nomuwa da lalala.

Jikar Baba:
Kawu, ka sa mu dariya a gidan makoki. Gwaggo ta ce a gaya maka bulalar tana nan bayan ƙofa.

Kakana ya yi karatun Littafi a Tungan Magajiya,
Tun Zuru na jihar Sakkwato yake wannan tafiya,
Aka yanke Kebbi a 1991, yana kai ba gajiya,
Da ido ya ƙi, ni ke karanta masa safe da maraice bai ɗaya,
Timoti na biyu, sura huɗu, ya fi nema a jinya,
Wurin da Bulus ya gama tsere ya riƙe bangaskiya,
Muka buɗe akwatinsa, ba takardar fili ko ɗaya,
Sai sunayen marayun da yake biya wa makaranta a ɓoye, ba hayaniya.

Ko Kaka ba ta san da wannan takarda ba. Dattawan ikkilisiya sun karɓa, za su zauna a kai bayan sujadar Lahadi.

Uwar Zumunta, Dabai:
Zumuntar Mata ta ɗauki biyu daga ciki. A rubuta. Saura ajin karatun manya na ranar Laraba, wanda ba shi da malami yanzu. Ina mai hana mu kuka?

Ɗan ƙungiyar mawaƙa:
Ga ni, Mama, na ji kira, ba gardama,
Muryata ta waƙa ce, a allo sai na yi fama,
Laraba ƙarfe huɗu, a majami'a za mu zama,
Wanda ya makara, ba bulala, shara ce zai kama.