Wace ƙofa ƙungiyar matasa za ta ƙwanƙwasa kan sauyin yanayi?

Ɗan Gumel: Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙungiyar matasa ce ke son aikin sauyin yanayi na gaske, ba dashen itace na ranar ɗaukar hoto ba. Ina za ta nemi tallafi?

Malamin Gona: Wa alaikumus salam. Ku fara da shirin ƙananan tallafi na GEF, asusun kare muhalli na duniya, wanda UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke gudanarwa. Sai dai ƙungiya ake ba, ba mutum ɗaya ba. A Najeriya ku tanadi rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), takardar SCUML (sashen EFCC mai hana halasta kuɗin haram), da asusun banki da sunan ƙungiya. Ku tabbata sunan iri ɗaya ne a duk takardun, harafi da harafi, domin ɗan bambanci kan tsayar da buɗe asusu.

Yaya Hajara: Ƙanena, kafin maganar kuɗi, me za ku nuna? Kowa na rubuta "hamada na cinye mu". Ku zo da alƙaluma. Ku kafa ma'aunin ruwan sama a fili, nesa da bishiya ko gini aƙalla ninki biyu na tsayinsu, bakinsa a daidaice. A karanta kowace safiya a lokaci guda, a rubuta da milimita, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0, kada a bar gurbin fayau, don mai nazari ba zai san fari aka yi ko mantuwa ba. Nan yawancin littattafan ke lalacewa. Sannan ku kwatanta da bayanan CHIRPS, kundin alƙaluman ruwan sama na tauraron ɗan'adam da tashoshin ƙasa, kyauta ne a intanet, tun daga 1981, da kuma hasashen damina da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitarwa farkon shekara.

Ɗan Gumel: Yaya, masu son karatu fa?

Bamaraɗe: WASCAL, cibiyar binciken sauyin yanayi ta Yammacin Afirka, wadda Jamus ke ɗaukar nauyi. Tana da shirye-shirye a jami'o'in fasaha na Minna da Akure, da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Cibiyar AGRHYMET, mai horarwa kan yanayi da noma da ruwa, ma tana Yamai tun 1974, amma ku gyara Faransancinku.

Malamin Gona: Ta fannin manufofi kuwa, dandalin YOUNGO ne muryar matasa a tarukan COP, wato tarukan sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, shiga kyauta. Ni dai a ganina karanta dokar sauyin yanayi ta Najeriya ta 2021 ya fi muku rububin tikitin jirgi, ku san abin da za ku tambayi gwamnati.

Bamaraɗe: In kuma itace za ku sa a takardar, ku dubi sassaben zamani irin na Maraɗi. A bar kututturen da ya toho, a zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, a sare sauran. Saiwarsa ta riga ta yi nisa, ba ya neman ban ruwa kamar dashe. Awaki ne matsalar, sai ku zauna da mai gari da makiyaya tun kafin kaka.