Waifar Chevrolet 3100 ta 1953 tana tsayawa a kan tudu: gyara ko sauyawa?

Mai Akori-kura:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da akori-kura ƙirar Chevrolet 3100 ta shekarar 1953, kuma har yanzu injin waifarta na asali ne, irin wanda ke aiki da zuƙar iska daga injin mota. Idan motar tana tsaye ko tana gangara, waifar na sharar gilashi sosai, amma da zarar na taka totur domin hawan tudu sai ta rage gudu har ta tsaya a tsakiyar gilashin, wanda haɗari ne babba a cikin ruwan sama. Ina so in sanya mai aiki da lantarki, sai dai batirin motar mai bolt 6 ne. Shin dole ne sai na mayar da wutar motar gaba ɗaya zuwa bolt 12?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka bayyana ɗabi'ar irin wannan injin ce tun daga masana'anta. Yana samun ƙarfinsa ne daga zuƙar da ke cikin bututun da ke kai iska da mai daga kafireta zuwa cikin inji, kuma wannan zuƙar tana da ƙarfi ne lokacin da totur yake a rufe; idan ka buɗe shi sosai sai ta faɗi, waifar ta rasa abin da zai tura ta. Saboda haka ne aka riƙa sanya wa motocin wancan zamani famfon mai da ke ɗauke da ƙarin sashe na zuƙar iska a samansa, wasu kuma a sanya musu ƙaramin tankin ajiyar zuƙa.

Duk da haka, a ganina bai kamata waifa mai lafiya ta tsaya cak ba, sai dai ta yi sanyi. Kafin ka sayi komai, ka duba tiyon robar ko ya tsage, sannan ka cire sandunan da ke haɗa injin da hannuwan waifar ka motsa su da hannunka. Giris ɗin da ya shekara saba'in yakan bushe ya zama kamar danƙo, kuma idan magamar waɗannan sanduna ta cije, sabon injin lantarki ma wahala zai sha har ya ƙone. Shi kansa injin zuƙar, wanda galibi na kamfanin Trico ne, ana buɗe shi a wanke, a sauya abin da ke hana iska zurarewa a gefen faifan da ke kai-komo a ciki. Ni dai ina ganin asara ce a jefar da kayan asali alhali suna gyaruwa.

Mai Wayarin:
Ina girmama ra'ayin Baba, kuma maganarsa a kan magama gaskiya ce, amma ga wanda ke hawa motar a kan hanya tare da sauran motoci, na lantarki ya fi aminci, domin gudunsa bai dogara da ƙafar direba ba. Amsar tambayarka, Malam, ita ce ba dole ba ne, tunda ana ƙera injin waifa mai bolt 6. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a sanya mai bolt 12 a kan batir mai bolt 6, saboda jan jiki kawai zai riƙa yi. Idan kana da niyyar sauya wutar motar nan gaba, gara ka fara da ita don kada ka saya sau biyu.

Ka kula da shekarar motar wajen saye, domin gilashin gaba na 1953 biyu ne da ƙarfe a tsakani, na 1954 kuwa guda ɗaya ne mai lanƙwasa, don haka faɗin sharar ba ɗaya ba ne. Wajen haɗawa, ka ba shi fis nasa, ka yi amfani da waya mai kauri, saboda tsarin bolt 6 yana jan wuta ninki biyu domin yin aiki iri ɗaya. Ka kuma haɗa jikin injin waifar da ƙarfen motar da waya a wurin da ka kankare fenti da tsatsa. Yawancin sababbin injinan da ake cewa ba su da ƙarfi, nan ne matsalarsu take.

Mai Akori-kura:
Na gode ƙwarai. Zan fara da magamar kamar yadda Baba ya ce. Idan na ƙare da sanya na lantarkin, yaya zan yi da tiyon zuƙar?

Tsohon Bakanike:
Ka cire shi ka toshe ramin da ke jikin bututun da ke kai iska da mai cikin inji da kyau, in ba haka ba inji zai riƙa shaƙar iskar da ba ta bi ta kafireta ba, ya dinga rawa a silo. Sannan kada ka ɗaura hannuwan waifar sai ka kunna sabon injin ka kashe shi ya koma mazauninsa da kansa, daga nan ka jera su a ƙasan gilashi, ka jiƙa gilashin kafin gwaji. Tsohon injin kuma ka adana shi, domin mai sayen irin wannan mota yakan tambayi kayanta na asali.