Kuɗin haya a Kano: masu gidaje azzalumai ne?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. Ciki biyu da falo nake haya a Rijiyar Zaki, dubu 400 a shekara. Jiya dillali ya zo wai mai gida ya ce bana dubu 700 ne, in ba zan iya ba in kawo makulli, akwai masu jira. Ko fenti ba a sake ba, rijiyar gidan ma da kuɗina aka yashe ta. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan dubu 71 ne. Ina ƙaramin ma'aikaci zai kai iyalinsa? Wallahi masu gidajen haya a garin nan azzalumai ne.

Alhaji Mai Bulo: Malam, ka janye kalmar azzalumai. A farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu 10. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, je ka tambayi kuɗin tifar yashi da rodi da kwanon rufi ka ji.

Maman Ilham: Alhaji, gidan da aka gina tun ina budurwa, da simintin bana aka gina shi?

Alhaji Mai Bulo: Hajiya, in ya tsage ai da na bana za a gyara.

Malam Na Tsangaya: A yi hattara da harshe. Zalunci shi ne cin haƙƙin wani. Mutum da dukiyarsa ya yanka farashi, wanda ya yarda ya shiga. Sai dai a kira shi rashin tausayi.

Maman Ilham: Allah gafarta Malam, ga wadda aka watso wa kaya waje da damina, rashin tausayi da zalunci duk Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Kwamared: Ku ƙyale masu gida. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, Jagora Kwankwaso ne ya gina su lokacin yana gwamna. Wanda ya gaje shi a 2015 filaye kawai ya yi ta yankawa.

Ɗan Gwagwarwa: Talaka nawa ne ke kwana a Kwankwasiyya? Kuma rusau ɗin da kuka yi a 2023 fa, ba zalunci ba ne?

Kwamared: Shagunan da aka kafa a filin Idi? Shago gida ne? Kai da kake zaune a gidan gado me ka sani game da haya?

Ɗan Gwagwarwa: Kada ka sako iyayena a ciki, ka ji na gaya maka.

Anti Malama: Ni dai duk wata ana cire min kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa, har yau ko ɗaki ban gani ba. Akwai wanda ya taɓa samun bashin nan na bankin gidaje na tarayya?

Ɗan Gwagwarwa: Sai ya ba ni haƙuri tukuna.

Baban Khalifa: Jama'a, ni fa maganar haya na kawo.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Abin da na fahimta, akasarinmu mun yarda kalmar azzalumai ta yi tsauri, Malam ma ya fayyace. Laifin na tsadar siminti ne da faɗuwar naira, ba na masu gida ba, balle mu dillalai da kashi 10 na la'ada kawai muke karɓa, shi ma sai an kai ruwa rana. Baban Khalifa, ka je da kanka wurin mai gidan ka roƙi ragi cikin ladabi. In bai yiwu ba ka same ni ta gefe, akwai ciki da falo a Ɗanbare, ba a ja wuta ba tukuna amma kuɗinsa da sauƙi.