Neman shawara: Shin na cancanci tiyatar rage ƙiba?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 34, tsawona mita 1.62, nauyina kilo 98, kuma ina fama da ciwon sukari da hawan jini. Na daɗe ina rage ci da motsa jiki, amma da zarar nauyin ya ɗan sauka sai ya dawo, har ta kai idan zan hau bene sai na tsaya a tsakiya ina haki. Shin mai irin halina ta cancanci tiyatar rage ƙiba? Abin da ya fi damuna shi ne ni da maigidana muna fatan sake samun haihuwa.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Abin da likita yake fara dubawa shi ne ma'aunin BMI, wato a raba nauyinki da tsawonki, a sake raba abin da ya fito da tsawon, kuma naki ya kai 37. A ƙa'idar da hukumar binciken lafiya ta Amurka (NIH) ta fitar a 1991, ana yi wa wanda ya kai 40, ko 35 idan yana da wata cuta mai nasaba da ƙiba. A 2022 ƙungiyoyin likitocin fiɗa na ASMBS da IFSO suka sassauta zuwa 35 ko da babu wata cuta, da 30 ga mai ciwon sukari nau'i na biyu. Ta fuskar lissafi dai kin cika sharaɗi, sai dai likita ba zai tsaya nan ba: zai binciki zuciyarki da numfashinki a cikin barci da lafiyar ƙwaƙwalwarki kafin ya amince.

Wani da aka yi wa aikin:
Hajiya, ni an yanke mini kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi. A makonnin farko abu mai ruwa-ruwa kawai nake sha, kurɓi-kurɓi, kuma har yau loma kaɗan take ƙosar da ni. Sukarina ya daidaita, alhamdulillah, amma bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da gwajin jini sun zame mini dole har ƙarshen rayuwa. Idan kina yawan ƙwannafi ki gaya wa likita, domin irin wannan aikin yana iya ƙara shi.

Wata 'yar uwa:
Maganar haihuwar nan ita ce ya kamata ki fara gabatarwa, kada kunya ta hana ki. Ana so mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan tiyata, saboda a lokacin jiki yana zubewa da sauri, ɗan tayi kuma zai iya rasa abin gina jiki. Ki tafi tare da maigidanki wurin likitan fiɗa da likitan mata, ku ji daga bakinsu, ku yanke ko haihuwar za ku fara nema ko aikin.